Tsakar Gida da Itatuwanta a Tsarin Ginin Hausawa

Galibin waɗanda suka ɗauki alƙalami domin yabon ginin Hausawa sukan fara da zanko da zanen dagi a fuskar zaure, ko kuwa su garzaya Zariya su tsaya ƙarƙashin bakunan Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, su yi ta al'ajabin yadda ƙasa da azara suka ɗauki rufi mai faɗi haka. Kuma lalle abin al'ajabi ne, sai dai a nawa ganin hikimar magabata ta fi bayyana a cikin filin da suka bari ba su gine ba.

Dalili kuwa shi ne, azarar giginya, duk da ƙarfinta da yadda take gagarar gara, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar bango da bango ta yi yawa, saboda haka ɗakin talaka ya kasance ƙarami, wurin kwana da ajiyar kaya, sauran al'amuran rayuwa kuwa, daka da girki da kaɗi da tarbiyyar yara, har da barcin dare lokacin bazara, duk a tsakar gida ake yin su. Da yake shari'a ta yi umarni da sutura, magini yakan karkatar da ƙofar zaure daga ta shigifa, ta yadda idon baƙo ba zai kai ga iyali ba. Yakan kauce wa alƙibla wajen tsara bayi, ya kuma kula kada taga ta leƙa gidan maƙwabci ko indararo ya zuba masa ruwa, domin malaman Malikiyya sun daɗe da bayyana haramcin cutar da maƙwabci ta irin waɗannan hanyoyi.

To, filin da mata za su wuni a cikinsa ba ya yiwuwa sai da inuwa, kuma a nan ne shuka ta zama rukuni daga rukunan gini. Zogale a jikin katanga domin kwaɗo, lalle domin ƙunshin amare, lemun tsami da gwanda a inda ruwan alwala da na wanke-wanke yake gangarawa, ta yadda ruwan da aka jawo daga rijiya da wahala zai yi aiki sau biyu, kabewa da duma suna bin danga: babu ko ɗaya da aka dasa don ado kawai, kowanne yana da haƙƙin da yake biya na abinci ko magani ko sanyi. Darbejiya ma, wadda asalinta daga ƙasar Indiya take, ba ta sami karɓuwa ba sai don ta cika wannan sharaɗi.

Adalci ne a faɗi aibin wannan al'ada, domin ginin ƙasa yana neman yaɓe da makuba kusan kowace shekara, kuma ramukan da aka haƙi ƙasar tubali su ne suka zama kududdufai masu tara sauro. Ba a zargin wanda ya gaji da wannan ya koma ga bulo da kwano. Abin da yake ɓata mini rai shi ne, mun yar da tsarin tare da ƙasar, har mutum ya sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya cika shi da ɗakuna daga bango zuwa bango, ɗan abin da ya rage ya daɓe shi da siminti, sa'an nan watan Afrilu ya kama, kwano ya ɗauki zafi, iyali su rasa inda za su shimfiɗa tabarma.

Wanda Allah ya hore wa gina sabon gida ya kamata ya keɓe gurbin itace tun kafin a haƙa harsashi, nesa da bango gwargwadon yadda saiwar mangwaro ko darbejiya ba za ta tsaga shi ba, ya karkata magudanar ruwa zuwa can, ya dasa da ruwan farko na damina, ya kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki.