Ma'aunin Toronto a Zangon Kwatano

A bara wani ɗalibi ya zo shagon kawuna a Zangon Kwatano da takardar tambayoyi. Yana binciken yadda 'yan kasuwa suka karɓi biyan kuɗi ta waya. Ya ce, "Baba, MoMo yana da amfani? Yana da sauƙi? Zaɓi daga ɗaya zuwa bakwai." Alhaji ya ce, "Yaro, rubuta bakwai duka." Ɗalibi ya tafi da murna. Har yau kuwa Alhaji bai yarda a biya shi kuɗin dilar atamfa ta waya ba.

Tambayoyin nan sun samo asali daga maƙalar da Fred Davis ya buga a mujallar MIS Quarterly a 1989. Ra'ayinsa shi ne mutum yana rungumar na'ura idan ya ga tana da amfani kuma tana da sauƙi. Ya gwada shi a kan ma'aikatan IBM a Toronto da ɗaliban jami'a a Boston. Ban raina aikin ba, ga ma'aikaci ɗaya da kwamfutarsa a ofis ma'aunin yana aiki. Inda nake ja da shi shi ne falsafar da ke ƙarƙashinsa, wadda ta ɗauka cewa gaskiya ɗaya ce ko'ina, ana ƙirga ta kamar mudun gero. A 1991 Wanda Orlikowski da Jack Baroudi sun duba maƙalu 155 na wannan fanni, suka tarar kusan kashi 97 cikin ɗari a kan wannan turba suke.

Da ɗalibin ya zauna ya sha shayi, da ya ji abin da takardarsa ba ta tambaya ba. Abokin cinikin Alhaji na Malanbil yana ɗaukar kaya bashi. Ranar da ya zo biya da ƙafarsa, ranar ake jin wa ya karye, wa ya ci amana, nawa naira take a hannun 'yan canji. Idan kuɗi suka shigo ta waya, bashi ya biyu amma labari bai zo ba, alhali da labarin nan Alhaji yake yanke wanda zai ba kaya gobe.

Abner Cohen ya fahimci haka a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan. Ya zauna cikinsu, ya nuna yadda maigida da dillali suke riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar sanin wanda ya cancanci bashi. Wannan ma tsarin bayanai ne, ko da babu waya.

Sai dai sauraro kaɗai ma bai isa ba, domin akwai abin da ya fi ƙarfin ra'ayin ɗan kasuwa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ciniki ya tsaya, ba ruwan waya da sauƙinta.

Damuwata ita ce irin waɗannan bakwai-bakwai ɗin ne suke isa teburin masu tsara mana manhaja. Idan abin ya ƙi karɓuwa, sai a ce jahilcinmu ne. Mai son gina ra'ayi a kanmu ya fara da tambayar Alhaji wa yake ba bashi, kuma don me.