Hoto a Hannun Ma'aikaci

Masu binciken yadda ma'aikatu da ƙungiyoyi ke gudana sun daɗe suna dogara ga tambaya da amsa kaɗai. A 1957, John Collier ya nuna daga aikinsa a Kanada cewa in aka ajiye hoto gaban wanda ake yi wa tambaya, bakinsa ya fi buɗewa, abin da ya manta ya dawo masa. A 2002 kuma, Samantha Warren ta Ingila ta bayyana yadda ta miƙa wa ma'aikatan wani kamfanin kwamfuta kyamara, su ɗauko mata yadda suke ji a wurin aikinsu.

Dabarar tana da daraja, amma ba ta rasa rauni ba. Ma'aikacin da ya san hoton na iya kaiwa teburin darakta zai ɗauki furannin harabar ofis, ya bar rufin da ke yoyo. Mai binciken da ya ɗauki wannan hoto a matsayin shaida ya ruɗi kansa.

Maganin abin ya daɗe da bayyana a Nijar. A shekarun 1950, Jean Rouch ya mayar wa Sorkawan Ayoru fim ɗinsa na farautar dorina. Suka ƙi kiɗan da ya sa, domin a cewarsu kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Ya karɓi gyaran.

Haka ya kamata makaranta ko ƙungiyar da ke son nazarin kanta ta yi: a zauna da waɗanda suka ɗauki hotunan, ba da idon shugaba ba, a tambaye su abin da suka bari a waje da dalilin barinsa.