3.4 Yadi Mai Furanni A Kafin Ɗakin Amarya A Gwarzo Da Kabo

Kamar yadda bayani ya gabata, kafi shi ne ƙawata bangon ɗakin amarya da ’yan jere kan yi kafin a kai ta. A da, tabarmi da faya-fayai masu rini ake kafawa, sannan a jera tasoshi da kwanuka. Daga baya ne yadi mai furanni ya shigo, aka riƙa lulluɓe bango da shi tun daga sama har ƙasa, ana danne shi da ƙusa. Samuwar masaƙu irin su UNTL ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta sa yadi ya wadata, kuma Kantin Kwari da ke Kano nan ne matattarar masu sayensa daga Gwarzo da Kabo.

Idan aka dubi wannan ado da idon basira, za a ga dalilin karɓuwarsa. Yana rufe tsagar bangon ƙasa, wato yana rufa wa iyayen amarya asiri, tun da ba kowa ke da halin fulasta da fenti ba. Haka kuma fure ba mai rai ba ne, saboda haka malamai ba su ƙyamace shi kamar hoton mutum ko dabba ba.

Sai dai ta fuskar fasaha akwai abin dubawa. Furannin da ke jikin yadin baƙi ne. Da wuya a ga furen rimi ko na tumfafiya, waɗanda yarinya ta tashi tana gani a bayan gari. Ga shi kuma inji ne ya buga su, fure ɗaya yana ta maimaita kansa, ba kamar zanen dagi na magina ko saƙar faifai ba, inda akan gane hannun mai aiki. Fasahar ’yan jere ta koma zaɓen launi da daidaita gaɓa kawai, ko da yake wannan ma ba kowace mace ta iya ba, don akan ga ɗakin da furen ya kwana a karkace.

Bayan UNTL ta rufe a 2007, yadin Sin mai araha ya ƙara mamaye kasuwa. Irinsa yakan koɗe da wuri, kuma gara da kyankyasai kan samu maɓoya a bayansa, musamman da damina idan bango ya jiƙe.