Hatimin LK da Gudumar Mai Gwanjo

A watan Agusta na 2022, kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya sayar da wani ɗan katin kwali, wanda bai cika tafin hannu ba, a kan dala miliyan 12.6. Hoton Mickey Mantle ne a jiki, ɗan wasan besbol, bugun kamfanin Topps na 1952. Wani kamfanin tantancewa mai suna SGC ya duba kusurwoyinsa da gefensa da hasken launinsa, ya ba shi maki 9.5 cikin 10, ya rufe shi cikin roba. Masu tayi ta intanet suka dogara da wannan maki suka yi ta ƙari. Mutumin Suleja zai iya cewa wannan hauka ce ta masu kuɗin Amurka, ba ruwansa. To amma da ruwansa, domin irin wannan ciniki, na sayen shaida kafin a sayi kaya, shi ne yau yake yanke wa tukwanen garinsa farashi a gidajen gwanjon Landan irin su Bonhams da Maak.

Tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin babban birnin tarayya ya karɓe sunan, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a nan a farkon shekarun 1950. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin aikin wata Bagwariya daga Kwali, wato Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Da hannu take ɗaga tulu, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana kewaya shi da ƙafa maimakon ta juya shi, sannan ta zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi a jikinsa. Abin da cibiyar ta ƙara shi ne farar ƙasa a cikin zanen, da ruwan ƙyalli, da gashi mai tsananin zafi. Wannan gashi ya toshe ƙofofin da tulu ke tsatsafa da su, ya kuma ƙara masa nauyi, don haka tulun ya daina sanyaya ruwa, ya koma kayan kallo. Tun daga nunin Berkeley Galleries na 1958 a Landan, kasuwarsa ta karkata waje. Ita kuwa Ladi ta rasu a Minna a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20.

Hujjata ita ce ma'aunin da ya dace da kati bai dace da tulu ba, kuma gwanjon intanet yana tura tulu zuwa ga ma'aunin kati. Katin Mantle inji ne ya buga shi, da 'yan'uwansa masu yawa, duk kama ɗaya. Abin da ya bambanta wannan da wancan shi ne wahalar da ya sha a aljihun yara da akwatunan tsofaffi, saboda haka maki ɗaya tak na iya faɗin kusan duk labarinsa. Tulu kuwa ba shi da tagwai. Darajarsa na cikin kaurin bangonsa, da daidaiton wuyansa da cikinsa, da kaifin layin da aka ja yumɓu na ɗanye, da ƙarar da yake yi idan an ƙwanƙwasa shi da yatsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hoto zai kawo wa mai tayi a wayarsa. Abin da hoto ke iya nunawa sarai shi ne gindin tulu, inda aka danna hatimi biyu: sunan Abuja da rubutun ajami, da haruffan LK. Shi ya sa idon mai saye ke tsallake ƙadangaren ya tafi gindi.

Illar wannan ta fi faɗawa kan sauran maginan cibiyar. Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa sun yi aiki a wuri ɗaya, da yumɓu ɗaya, da wuta ɗaya, kuma a cikin aikinsu akwai wanda ba ya jin kunyar tsayawa kusa da na Ladi. Amma kasuwar da ke karanta haruffa ba ta da lokacin kwatanta hannu da hannu. Ƙaramin kofi mai LK zai iya jan masu tayi fiye da kyakkyawan tulun da ba a gane hatiminsa ba. Haruffa biyu kuma, a gaskiya, ba su da wuyar sassaƙawa ga wanda ya yi niyya.

Za a ce ai maganin wannan shi ne a kawo tsarin tantancewa irin na katunan, kamfani ya duba ya ba da maki, kowa ya huta. Tarihin katunan da kansa ya rushe wannan fata. Katin farko da kamfanin PSA ya tantance bayan kafuwarsa a 1991 shi ne shahararren katin Honus Wagner, wani ɗan wasan besbol, aka ba shi maki 8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotun Amurka cewa ya datse gefen katin don ya yi kyau, ya kuma amsa cewa gidan gwanjonsa na sa a yi tayin bogi don farashi ya hau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san ɗan koren da ke taya sa ba don ya saya ba. Bambancin kawai shi ne a kara kana ganin fuskarsa. Idan maki ya gaza a kan kwali mai kusurwa huɗu, ina ga tulu?

Za a kuma ce gwanjon nan alheri ne, tunda shi ya sa duniya ta sake waiwayar Ladi Kwali, kuma yana barin tarihin farashi a fili. Akwai gaskiya a nan, ba a musu. Takardun gwanjo masu kyau kan faɗi hannun da tulu ya bi, su lissafa tsaguwa da gyara, kuma wannan ya fi cinikin bayan ɗaki. Sai dai kuɗin yana yawo ne tsakanin magadan Turawan da suka sayi tukwanen da arha, da masu tara kayan tarihi, da gidan gwanjo mai yankar la'adarsa daga ɓangarorin biyu. Suleja, inda aka kwaɓa yumɓun aka hura wutar, ba ta da ko ta cewa a kan wane tulu ne na gaske.

Wannan ta cewa ita ce abin da za a iya ƙwatowa, kuma ba ta bukatar maki. Tana bukatar kundi: hoton hatimin kowane magini, shekarun da ya yi aiki, irin zanensa, da bayanin tsofaffin da suka koya a cibiyar tun suna da rai. Gwamnatin Jihar Neja da Masarautar Suleja da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, su ne suka fi cancanta su haɗa shi, su sa shi a intanet inda mai tayi zai duba kafin ya danna. Su fara da gidajen Suleja da Kwali da Ushafa, inda har yanzu akwai waɗanda suka san hannun kowace maginiya.