Kansar hanta: maganin da aka auna wa mutum ɗaya, da mutanen da awon bai kai gare su ba

Idan likita ya ce kansar hanta ta wuce tiyata, akwai wata hanya da ake bi a Turai da Amurka. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin, sai a saki ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin yitiriyom-90, su ƙona shi da radiyeshan daga ciki.

Manyan gwaje-gwaje biyu, SARAH a Faransa a 2017 da SIRveNIB a Asiya a 2018, sun nuna hanyar ba ta fi ƙwayar sorafenib tsawaita rai ba. To amma ka san yadda aka auna adadin? Galibi da tsawo da nauyin majinyaci. Kamar tela ne ya ɗinka maka hula da awon ƙafarka.

Wannan ne binciken DOSISPHERE-01 ya zo gyarawa a 2021, ƙarƙashin Etienne Garin na birnin Rennes. Suna fara allurar gwaji su ɗauki hoto, su ga inda ƙwayoyin za su taru, sannan su lissafa yadda ƙarin zai samu aƙalla gire 205, maimakon gire 120 da aka saba shimfiɗa wa ɓangaren hanta. Ƙarin ya ragu a kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka auna wa nasu, kashi 36 a ɗaya rukunin. Matsakaicin rayuwa kuwa wata 26.6 ne da wata 10.7.

Lissafin yana da kyau, amma ka yi hattara da shi. Mutum 60 kacal aka raba gida biyu. An tsara gwajin ne don auna raguwar ƙari bayan wata uku, tsawon rai ƙarin bayani ne. An zaɓi masu hanta mai sauran ƙarfi, aka cire waɗanda hoton gwaji ya nuna maganin ba zai zauna daidai ba. Kuma kamfanin da ke yin ƙwayoyin ne ya ɗauki nauyin aikin. Wannan bai rushe sakamakon ba, sai dai ya taƙaita wanda ya shafa.

Yanzu ka dubi namu. Binciken da aka buga a 2017 kan ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya gano cewa ban da Masar, matsakaicin rayuwa bayan gano cutar wata biyu da rabi ne. Mutumin da ya taso daga Tudun Jukun zuwa asibitin koyarwa na Shika da kumburarren ciki da ido rawaya, ko a Rennes ba za a saka shi cikin gwajin ba. Ga shi yitiriyom-90 yana rasa rabin ƙarfinsa duk awa 64, don haka jinkirin kwana uku a hanya ya riga ya ɓata lissafin.

Darasin binciken gaskiya ne: awon mutum ya fi awon jimla. Amma a nan awon da ya fi gaggawa shi ne gwajin hepatayitis B. Idan an same ka da ita, ka riƙa zuwa hoton hanta duk wata shida yadda likita ya tsara. Jaririnka ya samu rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ka kuma guji gyaɗa da masara masu fumfuna.