Hannun da Ke Gefen Likitan Haƙori

Duk wanda ya san Bangui ya san a Kilomita Biyar ake cinikin birnin. Unguwar Musulmi ce, Hausawa da Fulani da mutanen Cadi da sauran 'yan kasuwa, ga kuma babban masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamban 2015, lokacin da rikici ya sa shiga unguwar da fita suka zama kasada. Yaron da ya tashi a nan, abin da ya fi kusa da hannunsa shago ne ko babur ɗin haya. Wanda kuwa ya ƙwallafa rai sai ya zama likitan haƙori, tafiyarsa da nisa. Likitocin haƙori ƙalilan ne a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, makarantun da suka yi suna a fannin kuma suna can Dakar da Abijan da Yawunde, ko Jami'ar Bayero ta Kano ga mai dangi a Najeriya. Kafin gurbi da guzuri su haɗu, shekara ɗaya ko biyu na iya shuɗewa. Wasu a bencin mai shayi suke cinye su. Wasu kuma sukan je wurin wani likita su ce, "Likita, ko wankin kaya ne a ba ni."

Da wankin kuwa ake farawa, kuma ba ƙaramin ilimi ke cikinsa ba. Ƙarfen da ya fito daga bakin mutum yana ɗauke da jini da yawu, ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya kwana bakwai da ranta a kan busasshen abu. Don haka mataimaki ke sa safar hannu mai kauri, ya jiƙa kayan tun jinin bai bushe ba, ya bi su da buroshi a ƙarƙashin ruwa don kada feshi ya tashi masa a ido. Awartakin cire haƙori sai an buɗe shi an goge mahaɗarsa, don nan datti ke maƙalewa. Sai ɗauraya, sai tsanewa sarai, sannan kowane rukuni ya shiga jakarsa a liƙe. Daga nan sai otokilab, wato tukunyar ƙarfe mai kulle tururi har zafinsa ya wuce na tafasa, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a 1879. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, akwai kuma ƙwayoyin da ke lulluɓe kansu da ƙwanso su tsallake wannan zafi. A cikin tukunyar zafi na kaiwa 121 ko 134, kuma dole ya tsaya a can har mintocin da aka ƙayyade su cika. Inda babu ita, tanda mai busasshen zafi ake kunnawa, digiri 170 na awa guda. Wutar Bangui, wadda aka daɗe ana jawowa daga madatsun Boali, takan ɗauke. In ta ɗauke ana tsakiyar turarawa, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, farko ake komawa. Alamar da ke jikin jaka takan sake launi da ta ji zafi, amma ba ta faɗin ko mintoci sun cika. Ƙarfen da ya turaru da wanda aka yi wa ha'inci ƙyallinsu ɗaya, sai dai yaron ya ji tsoron Allah.

In ya yi 'yan makonni, sai a kira shi ya riƙe katin mara lafiya yana rubuta abin da likita ke faɗa. Nan zai koyi cewa kowane haƙori da lambarsa. An raba baki gida huɗu: sama ta dama 1, sama ta hagu 2, ƙasa ta hagu 3, ƙasa ta dama 4, kuma damar mara lafiya ake nufi, ba ta mai kallonsa ba. A kowane gida ana ƙirga haƙora takwas daga tsakiya zuwa baya: na gaba biyu, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, manya uku, jimla 32 ga babba. Haƙoran nono 20 na yara suna ɗaukar gidaje 5 zuwa 8. In likita ya ce 36, turmi ne babba na farko a ƙasa ta hagu, wanda ke fitowa yaro yana da shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, har iyaye su ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe.

Zaman gefen kujera shi ne mataki na gaba. Wani likita a birnin New Orleans na Amurka, C. Edmund Kells, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara ajiye mataimakiya a 1885, a shekarun 1960 kuma masu bincike a Jami'ar Alabama suka tsara aikin da ake kira na hannu huɗu. Ƙa'idarsa ita ce idon likita kada ya bar bakin. Mataimaki yana zama ɗaya gefen, kujerarsa ta ɗan fi ta likita tsayi don ya hango ta saman hannunsa. Hannu ɗaya na riƙe da bututun tsotse yawu, ɗayan na miƙa madubi ko tsinken bincike ko hantsaki. Yakan karɓi wanda aka gama da shi da ƙaramin yatsa, ya ɗora sabon a yatsun likita bakinsa na fuskantar haƙorin da ake aiki. Ƙasan haɓa ake miƙa ƙarfe, ba a ratsa fuska da shi, sirinjin allura kuwa ta inda mara lafiya ba zai gani ba. Gwani ba ya jira a tambaye shi.

Ni dai inda na fi ganin gwaninta shi ne wurin ɗaukar awon baki. Dattijon da haƙoransa suka zube har goro ya gagare shi, kafin a yi masa na roba sai an sami siffar bakinsa daidai, kowane tudu da kowane kwari. Abin da ake ɗaukar siffar da shi gari ne mai suna aljinet, daga ciyawar teku ake samo shi, kuma ya yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da wanda ake amfani da shi a da, mai zuwa daga Japan, ya yanke. Garin ba ya son zafi, ba ya son danshi, Bangui kuwa tana da duka biyun. Kafin ya iso ma ya sha hanya, domin yawancin kayan ƙasar a tashar jiragen ruwa ta Duwala suke sauka, su bi mota fiye da kilomita 1,400, hanyar da 'yan kasuwar Kilomita Biyar suka fi kowa sani. Saboda haka mataimaki ke duba kwanan watan jikin leda, ya rufe gwangwani gam da ya ɗiba, ya ajiye shi nesa da taga.

Kafin a taɓa gari, a gwada cokalin awo, wani faranti mai siffar baki da ramuka a jikinsa, a ga ya rufe har turmin ƙarshe bai matse dasashi ba. Sannan a girgiza gwangwani garin ya saki, a cika ludayin awo a shafe samansa ba tare da dannawa ba, a auna ruwa da ma'aunin da ya zo da shi. Sirrin yana ga ruwan. Aljinet da ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 21, aka tsara shi. Ruwan famfo da ya sha rana yana iya sa kwaɓin ya daskare a kwano tun ba a kai shi baki ba. Mai hankali tun da safe yake ajiye gorar ruwa a firji ko a randa. Da ruwa ya haɗu da gari, lokaci ya fara gudu. Kwanon roba a tafin hannun hagu yana juyawa, wuƙar kwaɓi mai faɗin baki a dama tana murje kwaɓin a jikin kwanon, ba bugawa ba, don bugu iska yake cusawa. Cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ya kamata ya yi sumul kamar tuwon da ya tuƙu, ba gudaji, in an ɗaga wuƙar ba ya zuba. Ya cika cokali, ya shafe samansa da jiƙaƙƙen yatsa, ya miƙa da mariƙin wajen likita.

Likita zai danna cokalin sama daga baya zuwa gaba, domin abin da ya yi yawa ya fito wajen leɓe, kada ya gangara maƙogwaro ya tayar da zuciya. Aikin mataimaki a nan baki ne. "Baba, a ɗan sunkuyar da kai. Ta hanci za a riƙa numfashi. Saura kaɗan, Baba, an kusa." Yana magana yana taɓa ragowar da ke cikin kwano, in ta daina kama yatsa, na bakin ma ya kama, sai a ƙara masa minti biyu ya yi ƙarfi. Fizga ɗaya ake cire shi, domin jan hankali da girgizawa suna yaga shi ko su karkatar da siffar. A ɗauraye yawu, a fesa maganin kashe ƙwayoyi, a duba a haske: in kumfa ta zauna a kan wani haƙori, ko ƙarfen cokali ya leƙo, sai a sake. Kuma awon ba ya jira. A bar shi a iska ya tsotse ya ƙanƙance, a jefa shi a ruwa ya sha ya kumbura, ko wanne aka yi haƙoran robar ba za su zauna ba. Cikin 'yan mintoci ake zuba masa filasta, in ba hali a naɗe shi da tsumma mai ɗan danshi a rufe a leda.

Filasta dutsen jifsam ne da aka gasa har kashi uku cikin huɗu na ruwan jikinsa ya fita. In ya sake samun ruwa sai ya koma dutse. Ta gama-gari tana shan wajen mililita 50 a kan giram 100, mai ƙarfin da ake zuba wa haƙora kuwa wajen 30. Gari ake barbaɗawa cikin ruwa, a bar shi ya jiƙa, a gauraya. Ba a juye shi gaba ɗaya cikin awo. Ɗan kaɗan ake ɗorawa a bakin wuƙa a gefe guda, wajen turmin ƙarshe, a karkata cokalin a bar shi ya malala daga ramin wannan haƙori zuwa na gaba yana kore iska. Masu hali suna da injin karkarwa, wanda ba shi da shi kuwa yakan riƙa ƙwanƙwasa mariƙin cokali a gefen tebur har kumfa ta taso. Jim kaɗan filastar za ta ɗau ɗumi, alamar tana kamawa ke nan. In ta huce, wajen minti 45 zuwa awa ɗaya, sai a zare a hankali, miƙe, ba murɗawa. Wanda ya yi gaggawa zai karya haƙoran gaba, wanda ya tafi hira ya bar shi har yamma zai tarar aljinet ya bushe ya riƙe dutsen.

Abin da ke fitowa bakin mutum ne a tafin hannu, ana iya juya shi ta ko'ina. Ɗalibi zai ga yadda turmin da ya rasa maƙwabci ke kwantawa cikin giɓi, yadda na sama ke zarowa in na ƙasansa ya tafi, yadda ƙashin muƙamuƙi ke lotsawa bayan an cire haƙori, da gefen da mutum ya fi tauna da shi. Waɗannan duka zai same su a littafi in ya isa Dakar ko Kano, amma yatsunsa sun riga sun san su. Iyakarsa dai a fili take: ba ya huda haƙori, ba ya allura, ba ya cirewa, ko da maƙwabta sun fara kiransa likita suna kawo masa yara da kumburin kunci. Nasa shi ne ya gyara gindin dutsen ya zauna daram, ya rubuta sunan mai baki da kwanan wata a ƙasansa da fensir, ya haɗa na sama da na ƙasa da ɗan kakin da dattijon ya ciza, ya naɗe su ya kai wa mai ƙera haƙora.