Tsakanin Ɗan Wasa da Rawar da Ya Taka: Tsokaci a Kan Hukuncin 'Yan Kallo

Gabatarwa

Ba yau aka fara kiran ɗan wasan kwaikwayo da sunan da ya fito da shi ba. Jama'a da dama sun san Samanja, amma kaɗan ne za su iya faɗa maka cewa sunansa na yanka Usman Baba Pategi. Haka Rabilu Musa ya rayu har Allah ya yi masa rasuwa a 2014 ana ce da shi Ibro. Wannan ɗabi'a ba ta da aibi muddin ta tsaya ga suna. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da tashoshin tauraron ɗan'adam suka shigo da wasanni masu dogon zango, waɗanda ake bi mako-mako har tsawon shekaru, ba suna kaɗai ake liƙa wa ɗan wasa ba, har da laifin wanda ya kwaikwaya. Manufarmu a wannan ɗan tsokaci ita ce mu nuna cewa yawancin yabo da zagin 'yan kallo hukunci ne a kan halin tauraro, ba a kan ƙwarewar ɗan wasa ba.

Darasi Daga Amurka

Tsakanin 2008 da 2013 tashar AMC ta Amurka ta nuna wani wasa mai suna Breaking Bad, kashi 62. Labarin wani malamin kimiyya ne, Walter White, wanda ciwon dajin huhu ya kama, sai ya shiga haɗa miyagun ƙwayoyi da hujjar zai bar wa iyalinsa abin dogaro. Sannu a hankali ya rikiɗe ya zama maƙaryaci kuma mai kisan kai. Matarsa, Skyler, ita ce ta fara tuhumarsa, ta kuma yi ƙoƙarin nesanta 'ya'yanta daga sharrinsa. A hankalce, ita ya kamata a tausaya wa. Amma sai reshe ya juye da mujiya: ɗimbin 'yan kallo suka rungumi mijin, suka tsani matar, don kawai tana hana gwarzonsu sakat. Ƙiyayyar ba ta tsaya nan ba, sai da ta tsallaka kan Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin Skyler, har ta rubuta maƙala a jaridar New York Times a watan Agustan 2013 tana kokawa da lamarin. Abin lura a nan shi ne, a wannan shekarar da kuma 2014 ta ci kyautar Emmy saboda rawar da ake zaginta a kai.

A Namu Gidan

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na Turawa ne kawai. Mu ma da muke zaune nesa da gida muna bin wasannin Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, mun ga irinsa a ɗakunan kallonmu. Mu ɗauki Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a 2020. Baba Ɗan Audu dattijo ne mai kwaɗayi da wayon tsiya, amma da yake Rabi'u Rikadawa ya iya bakinsa, sai 'yan kallo suka riƙa maimaita maganganunsa cikin nishaɗi, suka manta da ɓarnar da yake yi. Wato dai mugu mai ban dariya ya fi samun afuwa a wurinmu a kan mai gaskiya mai ɗaure fuska, musamman idan mace ce.

Bugu da ƙari, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar wasan a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an yi ta ce-ce-ku-ce. Sai dai mafi yawan abin da muka ji bai wuce cewa ido ya saba da waccan ba. Sabo kuwa, in ji Hausawa, turken wawa ne. Ba kasafai muka ji an tambayi yadda kowaccensu ta sarrafa murya, ko shiru, ko kallo wajen isar da baƙin cikin Sumayya ba, alhali nan ne ma'aunin yake.

Illar Wannan Hukunci

Illa ta farko a kan ɗan wasa take, domin wanda ya ga ana tsinuwa gare shi a kasuwa zai fara gudun fitowa a mugu. Ta biyu a kan marubuci take, domin idan ya biye wa surutun jama'a, sai ya karkatar da jigonsa, ya wanke wanda ake so, ya kashe wanda ake ƙi. Daga nan kuwa wasa ya tashi daga madubin rayuwa ya koma tallan abin da kunne ke son ji.

Kammalawa

Ba muna cewa ɗan kallo ya daina so ko ƙi ba ne. Wasan da bai motsa zuciya ba ai bai cika wasa ba. Kiranmu ga ɗaliban adabi shi ne mu riƙa raba tambayoyi uku: me tauraro ya aikata, me marubuci ya nufa da shi, kuma yaya ɗan wasa ya fito da shi? Idan har ɗan wasa ya sa muka tsani azzalumin da ya kwaikwaya, to ya sauke nauyin da aka ɗora masa, kuma yabo ya cancanta, ba jifa ba.